Zauren Kawu: Na lallasa sufabaizana a dara, ga babi na uku yana kan teburinsa

Jama'a barkanmu da wannan mako. Wasiƙun wannan karo kamar an haɗa baki, kusan duk daga malaman manyan makarantu suka fito, kuma ba a kan albashi ba, ba a kan furomoshin ba, a kan wasa. Na tsinci guda huɗu, sunaye kuma na cire kamar kullum don kada a kori wani a wurin aiki a ce Kawu ne.

TAMBAYA: Kawu barka da war haka. Ni ƙaramin malami ne a wata jami'a, shekarata ɗaya da rabi da ɗaukar aiki kuma ina yin mastas a sashen namu. Bayan la'asar malamai suna zama ƙarƙashin wata darbejiya a bayan ofis ana buga dara, ni dai kallo kawai nake yi, to ranar nan abokin bugun Farfesa bai zo ba sai ya ce yaro zauna in koya maka. Kawu ni a ƙauye na tashi, kakana ya koya min dara tun ina ɗan shekara bakwai, wlh ban yi niyya ba amma sau uku a jere na cinye shi, aka yi ta ihu har wani Dokta yana tafi. Matsalar ita ce shi ne sufabaizana kuma babi na uku na kundin bincikena yana hannunsa, yau kwana tara in na gaishe shi sai dai ya ɗaga min hannu. In je in ba shi haƙuri ne, ko in koma in bari ya ci ni da gangan?
Daga wani ƙaramin malami

AMSA: Ɗana, da farko dai barka, ba kowa Allah ke nuna wa wannan rana ba. Ni na yi shekara talatin da 'yan kai ina koyarwa ban taɓa cin nawa sufabaizan ba, Allah Ya jiƙansa, kuma ba ladabi ya hana ni ba, fina iyawa ya yi.

Kada ka je ba da haƙuri. In ka shiga ofis ka durƙusa ka ce Farfesa a yi haƙuri na cinye ka a dara, ai ka sake cinsa ne karo na huɗu, wannan karon ma a gaban sakatariya. Dabararka ta biyu kuwa ta fi muni. Dara ba ludo ba ce da za ka fake da cewa shida ta ƙi fitowa, gurbi talatin ne kowa da 'ya'ya goma sha biyu, komai a fili yake, kuma mutumin da ya shekara ashirin yana jera uku yana cire na abokinsa zai gane hannun da ya hango ci ya kauce. Ranar da ya gane sadaka kake masa, ranar za ka ga fushi na gaske.

Bari in gaya maka abin da darbejiyar nan take. Daga inda kake tsaye zuwa kujerar Farfesa matakala bakwai ce in an haɗa da taka da tasa, kuma a ko'ina cikin jami'a wannan matakalar tana bin mutum, a mitin, a layin sa hannu, har a inda ake ajiye mota. Gindin bishiya ne kaɗai ake tuɓe ta kamar takalmi a ƙofar masallaci. A sashen da na yi aiki gwanin diraf ɗinmu masinja ne, bai gama firamare ba, allon ma kafintan makaranta ya yi mana shi da ragowar katako, da 'ya'yan suka ɓace muka koma murfin kwalbar lemo, ɓangare ɗaya a kife ɗaya a buɗe. Mutumin nan da safe zai ɗauko wa Din, wato shugaban tsangaya, fayil yana ranka ya daɗe, da yamma zai zauna a gabansa ya buga murfi a kan katako da ƙarfi ya ce Malam tashi ka ba masu iyawa wuri, kuma Din ya tashi yana dariyar yaƙe. Ba a taɓa rubuta masa takardar tuhuma ba.

Amfanin zaman kuwa sai a yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na 2022 na ƙara ganinsa, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur ba aji, gwamnati kuma ta riƙe albashi. Ofis-ofis a kulle amma benci bai taɓa zama fayau ba. A nan muka san wanda aka koro wa yara daga makaranta, a nan aka san wanda ya fara sayar da ƙwai a but ɗin mota yana jin kunyar faɗa, ana cikin wasa wani zai ce gobe ka kawo min kiret biyu ba tare da ya ɗago kai daga allo ba. Duk wanda ya yi zaman nan ba zai riƙe yaro a zuciya saboda dara ba, in dai ba shi da wata cutar daban.

Sannan kai ma ka cika gaggawa. Kwana tara a kalandar sufabaiza ai jiya ne. Ka duba ko lokacin makin ne, ƙila takardun jarrabawa ɗari biyar ne a bayan kujerarsa ana ta kiransa ya kawo rizal. Abin yi shi ne gobe bayan la'asar ka koma gindin bishiya kamar ba abin da ya faru, ka gaishe da kowa ka zauna gefe, in ya kira ka ka buga da iyakar ƙarfinka amma bakinka a rufe, ban da ihu ban da ba da labari a kantin. Maganar babi kuma a ofis da safe, kada ka kuskura ka kawo ta kan allo. In wata biyu ta wuce shiru, akwai mai kula da karatun gaba da digiri a kowane sashe, shi za ka samu a natse, kuma ko a wurinsa kada kalmar dara ta fito daga bakinka. Wanda nake so ka sa wa ido shi ne Doktan da ya yi tafi. Ina zargin ba kai yake tafa wa ba, akwai tsohon bashi tsakaninsa da Farfesa.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni babbar lakcara ce, shekarata goma sha ɗaya a aiki. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne mazan sashenmu suna da majalisarsu ta karta da diraf, mu mata biyar ba mu da komai sai adashi da wani guruf na WhatsApp da ba a turo komai sai barka da Juma'a. In an zo mitin sai ka ga an riga an gama raba kwasa-kwasai da wanda za a tura taro tun a majalisa, mu sai dai mu ce mun amince. Ni ba zan iya zama cikin maza a gindin bishiya ba, kuma ƙarfe biyu nake tafiya ɗauko yara. Ya zan yi?

AMSA: Dokta, kin zo ne daidai na gama yabon bishiya kin kwance min zani a kasuwa. Gaskiya kika faɗa kuma ni ma na yi wannan laifin, sau nawa muka naɗa jami'in jarrabawa a teburin karta tsakanin fik tu da janar maket, aka zo mitin ana ta cewa muna neman shawara alhali tuwo ya riga ya dahu. Ba da mugunta muke yi ba, amma wanda aka bari a waje ba ruwansa da niyya.

Abu biyu ne kuma kada ki haɗa su. Rabon kwas da zuwa taro haƙƙi ne ba wasa ba, ku biyar ɗin nan ku haɗa baki kafin mitin na gaba, ɗayarku ta kawo shawara cewa a riƙa raba jadawalin a rubuce mako guda kafin zama, wata ta mara mata baya, ku tabbatar an sa a minit. Mazan da su ma ba sa zuwa majalisa sun fi yadda kike zato yawa, akwai mai zuwa gona akwai mai karatun dare a masallaci, za ki ga hannuwa sun tashi.

Na biyu shi ne wasan kansa, kuma shi ma kada ki raina shi. Matsalar ba bishiya ba ce kaɗai, lokaci ne, su suna da daga la'asar zuwa magariba ku ba ku da shi. To ki kawo wasan cikin ofis da rana. Wata abokiyar aikinmu haka ta yi, ta sayo allon Scrabble, wasan haɗa kalmomin Turanci, ta ajiye a ɗakin shan shayi, kowace Laraba daga sha biyu zuwa azahar, da farko mata uku ne sai ga maza suna leƙe suna gyara musu sifelin, kafin semista ta ƙare malaman Turanci sun daina bi ta wannan barandar saboda wata 'yar sashen lissafi tana kunyata su. Ba wanda zai ce wasan banza ne, ɗan Najeriya Wellington Jighere ya ɗauki kambin duniya a kansa a birnin Perth na Ostareliya a 2015, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Adashin naku kuwa ki riƙe shi gam, mazan nan da kike gani rabinsu za su so a sa su a ciki in da hali.

TAMBAYA: Kawu sannu da aiki. Ni Bayarabe ne, a bautar ƙasa na koyi Hausa, yanzu ina koyarwa a wata kwalejin ilimi a yankin Sakkwato. Akwai wani malami Bagobiri mai tsage a fuska, tun ranar da ya ji sunana yake kirana bawansa, ya ɗauke min biro, ranar nan har hulata ya cire ya ce sai na biya haraji. Kowa dariya yake yi. Na rubuta takardar ƙorafi amma ban kai ba tukunna. Ƙiyayya ce?

AMSA: Malam yaga takardar nan tun kafin wani ya gani, in ba haka ba shekara goma za a yi ana ba da labarinka. Ba ƙiyayya ba ce, ka samu ɗan'uwa ne ba ka sani ba. Gobirawa da Yarbawa abokan wasa ne tun kaka da kakanni, masu ba da labari suna cewa asalinsu ɗaya har suna kafa hujja da tsagar fuska, kamar yadda Fulani suke da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa. A Nijar abin ya yi ƙarfin da a 2014 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ke tattalinsu. Dokar wasan ita ce ba a fushi kuma ba a barin bashi. Gobe ka riga shi, ka tare shi a ƙofar ofis ka ce ina bawan nan da bai zo gaishe da ubangidansa ba, ka ɗauke mukullin mashin ɗinsa sai ya sayi shayi. In watan cika-ciki ya kama ma ka riga shi neman kuɗin shara. Iyaka dai ban da iyaye ban da addini, kuma in yana yi a gaban ɗalibai har abin na taɓa ajinka, ka ja shi gefe ka faɗa masa, zai ji. Ranar da motarka ta mutu a hanya ka kira shi ka gani, zai zo, yana zagin Yarbawa tun daga nesa amma zai zo.

TAMBAYA: Kawu ni ba malama ba ce, matar malami ce. Maigidana kullum sai goma na dare yake dawowa daga sitaf kulob wai suna karta, kuma wai dokarsu wanda aka ci shi zai sayi tsire. Wata uku ke nan shi ke saye. In na yi magana ya ce zumunci ne.

AMSA: 'Yata, maganar gaskiya in wanda aka ci shi ke biya to wasan ya fara ƙanshin caca, ko da tsire ne ba kuɗi a tebur ba, kuma wannan ba sai na yi dogon wa'azi ba, ya tambayi limamin masallacin kwatas zai ji. Gyaran mai sauƙi ne, su mayar da sayen tsiren karɓa-karɓa, yau wane gobe wane, ko an ci ko ba a ci ba, za ki ga wasu daga cikin masu zumuncin sun fara samun uzuri. Batun dare kuma kada ki ce ya daina zuwa, ba zai daina ba sai dai ya koyi ƙarya, ki nemi kwana biyu a mako da dawowa kafin yara su yi barci. Amma ni abin da ya fi damuna, wata uku mutum ana cinsa kullum bai taɓa zargin komai ba? Ko dai bai iya ba ko akwai masu yi wa juna ido a teburin nan.

Uwargidana ta karanta wasiƙarki a wayata kafin in amsa, ta miƙo min ta ce in tambaye ki ko naki yana kawo ragowar tsiren gida, don nata bai taɓa ba.