Zama a Cikin Almasihu: Reshe Ne ko Kauci?

Wata 'yar'uwa daga Kafanchan, 'yar Zumuntar Mata, ta rubuto tana cewa: "Malam, a Bisharar Yohanna sura 15 Yesu ya ce mu zauna a cikinsa, kamar yadda reshe yake zaune jikin itacen inabi. Kalmar nan 'zauna' tana damuna. Ai zama na mai hutu ne, ko marar aikin yi. Yaya wanda yake zaune zai yi girma cikin ruhaniya? Ko masu fassara ne suka rasa kalma?"

'Yar'uwa, ba su rasa ba. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa suka sha wahalarsa shekara da shekaru, kuma an sake fassara shi daga baya. A ganina duk wanda ya zaɓi "zauna" a wannan wuri ya san Hausa. Kalmar Helenanci da ke asalin nassin ita ce "meno", wato tsayawa a wuri ba tare da an tashi ba. Ke kin ɗauki zauna ta kan tabarma ce kawai. Amma saurari yadda muke magana. In aka ce Ladi tana zaune a Wusasa, ba wanda zai zaci ta wuni kan kujera. Can ne gidanta, can take kwana take tashi. In aka ce aure ya zauna, ko tuwo ya zauna a ciki, ko magana ta zauna, ana nufin abu ya samu gindi. Baƙo yakan sauka, ɗan gida ne yake zama. Abin da ake kiranki gare shi ke nan: ki bar saukar baƙunta wurin Ubangiji ran Lahadi kaɗai, ki tare.

Akwai kuma wani abu da nake ƙauna a harshenmu. Rubuta "zama" ki duba. Ita ce ta "zama da mutane", ita ce kuma ta "ya zama malami". A baki karin sauti yana iya raba su, a takarda kuwa ba bambanci. (Mutanen Sakkwato da Katsina da ke cewa "zamna" sun fi mu nuna dangantakar a fili.) Hausawa suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. An fi jawo karin maganar don a tsoratar da yaro daga mugun aboki, amma gaskiyar da ke cikinta ba ta zaɓi mugu kaɗai ba. Wanda ya daɗe kusa da mai kanwa bai shafa komai a kansa ba, kusancin ne ya yi aikin. Haka haƙuri da tawali'u da kamunkai, waɗanda Bulus ya lissafa a Galatiyawa sura 5, suke sauka a kan mutum. Da wanda kika zauna, shi za ki zama.

Wani ɗalibin tauhidi daga Kagoro ya tambaya: "Zan yi wa'azi a ƙauye inda ba a taɓa ganin itacen inabi ba. Wace kalma ce ta fi dacewa da haɗuwar mai bi da Allah: manne, rataya, jingina ko dogara?"

Ɗana, "inabi" kanta aro ce daga Larabci, ko da yake yanzu ana nomansa wajen Kudan a jihar Kaduna. Kalmominka huɗu kowace da inda ta tsaya. Abin da aka manna ana iya ɓamɓare shi. Abin da aka rataya iska tana kaɗa shi. Mai jingina da bango yakan tashi in ya huta. Dogara ta fi su ƙarfi, shi ya sa muke cewa dogara ga Allah jari, amma mai dogara da sanda shi daban, sandar daban. Ba ɗayansu da ke ɗauke da ruwan itace yana gudana daga gindi zuwa reshe.

In ni ne kai, zan bar ƙamus in kai jama'a gindin ɗorawa, in nuna musu kauci. Kowane manomi ya san shi. Tsuntsu ne yake cin 'ya'yansa, ƙwayar mai danƙo ta liƙe masa a baki, ya goge a jikin reshe, nan ta tsiro. Ka ɗaga kai ka ga curin ganye shar, da furanni ja kamar tsinken ashana, ka rantse reshen itacen ne. Yana shan ruwan itacen. Har sunan itacen yake ɗauka: kaucin ɗorawa, kaucin kaɗanya, kaucin tsamiya, haka masu maganin gargajiya suke nemansa. Amma tun da kake, ka taɓa ganin an yi daddawa da 'ya'yan kaucin ɗorawa? Wannan yana ba ni tsoro ƙwarai, don mutum yana iya shekara talatin a majami'a, da sunan baftisma da kujerarsa ta gaba, yana shan albarkar wurin, 'ya'yan da yake bayarwa kuwa nasa ne na da.

Sai ka kai su lambu su ga kishiyar wannan. Masu lambu suna cewa "mangwaro mai aure". Ina yaro na tsaya kan wani tsoho a bakin rafi yana wannan aiki. Ya yanko ɗan reshe kamar tsawon yatsa biyu, ya fiƙe gindinsa da aska kamar alƙalami, ya tsaga kan ƙaramin dashe, ya cusa, ya naɗe da leda tam. Bayan kwana uku na kai hannu zan kwance in ga ko ya kama. Ya riƙe mini hannu ya ce, "Bar shi, yaro. In kana buɗewa kullum, ba zai sha ba." Da makonni suka wuce sai ga toho ja-ja a kai, wurin tsagar ya haɗe ya zama itace ɗaya. Bulus ya kawo irin wannan misali da zaitun a Romawa sura 11. Ɗan reshen da dashen, dukansu biyu sai da aka yanke su kafin su haɗu, kauci kuwa ba abin da ya rasa. Ka faɗa musu haka da Hausar gona, za su riga ka kai wa ma'anar.

Tambaya ta ƙarshe daga wani dattijon ikkilisiya ce a Maraɗi: "An ce zumunta a ƙafa take. Allah kuwa yana ko'ina. Wace ƙafa za a taka a je gare shi?"

Ranka ya daɗe, Baba, ai karin maganar ba nisa take aunawa ba. Akwai 'yan'uwan da katanga ɗaya ta raba su, zumuncinsu ya mutu, don ba mai leƙa wani. Ƙafa a nan niyya ce da ta tashi ta yi motsi. "Zumu" shi ne ɗan'uwa na jiki, daga nan aka sami zumunci da zumunta, kuma da Kiristocin ƙasar Hausa suka nemi sunan tarayyarsu, wannan kalma ta jini suka ɗauka. Ƙafarku ita ce tashin asuba kafin gida ya farka, da buɗe Zabura ko da ido yana nauyi, da zuwa gaida marar lafiya ran Laraba bayan addu'a. Abin da na fi jiye wa irinku da irina, waɗanda muka tsufa a cikin sujada, shi ne ɗaya karin maganar: ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Addu'ar Ubangiji da muka haddace tun muna 'yan shekara shida tana iya fita daga baki zuciya ba ta sani ba. Ni abin da nake yi, in na ji ta fara zame mini haka, sai in tsaya a kan kalmar farko, "Ubanmu", in ƙi wucewa sai na ji wanda nake kira.