Shin ƙwayar bitamin D tana gyara jijiyoyin jini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Shekarata 58, ina da hawan jini, ina shan hydrochlorothiazide kowace safiya. Abokina ya ce bitamin D yana sassauta jijiyoyin jini ya hana su toshewa, har na sayi kwalba mai IU 5,000 (IU ma'aunin yawan bitamin ne) a kowace ƙwaya. Idan na fara sha, zan iya ajiye maganin hawan jinin? (Malam S. A.)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Don Allah kada ka ajiye maganinka ko na kwana ɗaya saboda wannan ƙwaya.

Maganar abokinka tana da tushe. Da daɗewa likitoci sun lura cewa masu ƙarancin bitamin D a jini sun fi yawan kamuwa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Sai dai a duba su wane ne ke da ƙarancin: mai ƙiba, wanda kitsen jikinsa ke riƙe bitamin ɗin ya hana shi yawo a jini, dattijon da fatarsa ta rage ƙarfin sarrafa shi, majinyacin da ya daɗe a ɗaki bai ga rana ba. Waɗannan da ma suna cikin haɗari ta wasu hanyoyi, don haka ƙarancin kan zama alamar rashin lafiyar da ke nan tuntuni.

An gwada abin kai tsaye. A Amurka, binciken VITAL ya raba mutum 25,871 gida biyu, wasu na shan IU 2,000 kullum, wasu na shan ƙwayar da babu magani a cikinta, sama da shekara biyar. Sakamakon da ya fito a 2018 bai nuna raguwar ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. A New Zealand, binciken ViDA ya ba mutum fiye da 5,000 ko dai IU 100,000 duk wata ko ƙwayar da babu komai, shi ma a 2017 bai sami kariya ga zuciya ba. Yawancin mutanen da aka gwada ba su da matsanancin ƙarancin bitamin, kuma darasin ke nan: wanda jikinsa ya wadata, ƙari ba ya gyara masa jijiya.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne haɗin magungunan nan biyu. Aikin bitamin D shi ne jawo kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, daga hanji zuwa jini. Hydrochlorothiazide kuwa yana rage kalsiyam ɗin da ƙoda ke fitarwa a fitsari. Ɗaya na zubawa, ɗaya na toshe mafita. IU 5,000 ya riga ya wuce iyakar IU 4,000 da aka ƙayyade wa babba a rana, alhali buƙatarka ta yau da kullum IU 600 ce, sai bayan shekara 70 ta koma 800. Bitamin D ba ya fita da fitsari kamar bitamin C. Taruwa yake a kitse, wata da watanni. Idan kalsiyam ya hau, mutum kan fara da ƙishirwa marar yankewa, yawan fitsari, tashin zuciya da taurin bayan gida. In aka daɗe a haka, sai tsakuwar ƙoda, bugun zuciya ya rikice, kalsiyam ya kwanta a bangon jijiyoyin jini ya sandarar da su, jijiyoyin da ka sayi ƙwayar domin ka sassauta.

Ka kai wa likitanka kwalbar, ka nemi gwajin jini mai suna 25-hydroxy bitamin D tare da gwajin kalsiyam da na ƙoda. A sakamakon gwajin bitamin D ɗin, ƙasa da 12 ng/mL ƙaranci ne da ke buƙatar magani saboda ƙashi da tsoka. 20 zuwa sama ya wadatar da yawancin mutane. Jijiyoyinka kuwa, awon hawan jini a kai a kai, rage gishiri, barin sigari, tafiyar ƙafa da kula da suga da kitsen jini ne aka tabbatar suna kare su.

TAMBAYA: An gwada mahaifiyata an ce bitamin D ɗinta ya yi ƙasa sosai, aka ba ta kafso mai IU 50,000. Kullum za ta sha? (Hajiya R. M.)

AMSA: A'a, Hajiya. Irin wannan kafso yawanci sau ɗaya ake sha a mako, na kimanin mako takwas, sannan a koma ƙaramin awo. Kuskuren shan sa kullum yana daga cikin abubuwan da ke kai mutane ga gubar bitamin D, don haka ki koma wurin wanda ya rubuta ya tabbatar miki, ki kuma rubuta ranar shan a jikin kwalin da manyan baƙaƙe. Ta sha tare da abinci mai ɗan maiƙo domin hanji ya fi tsotse shi. Idan Mama tana shan digoxin na zuciya, ko tana da ciwon ƙoda, ko ta taɓa yin tsakuwar ƙoda, ki sanar da likita kafin ta haɗiyi kafso na farko. A sake gwajin jinin bayan wata uku.