Wa zai biya ni asarar tumatirina?

Wani mai lambu daga Ojo ya rubuto cewa ya kai tumatirinsa kasuwar Mile 12 da ke Legas a watan Fabrairu, kuɗin da dillali ya miƙo masa ko na feshi bai mayar ba. Ya ji an ce a Amurka gwamnati na biyan manomi idan kasuwa ta faɗi, yana tambaya ina zai kai sunansa.

Malam, Allah ya mayar da alheri. Abin da ka ji gaskiya ne. A 2018 da 2019, da Sin ta ƙaƙaba wa waken suyan Amurka haraji, gwamnatin Trump ta raba wa manoma sama da dala biliyan 20. A 2019 kowace gunduma da nata farashin, daga dala 15 zuwa 150 a kan eka. Amma a nan babu ofishin da ke biyan faɗuwar farashin tumatir. Inshorar NAIC, hukumar inshorar noma ta Najeriya wadda aka kafa a 1987, ambaliya da fari da annobar ƙwari take rufewa, ban da kasuwa. Duk wanda ya zo da fom ya ce ka biya kuɗin rajistar diyya, ka riƙe aljihunka.

Kuma Fabrairu ka kai kaya! Lokacin da tireloli ke sauke tumatirin rani na Kadawa da Kura, ina kwandon Ojo zai yi daraja? Ka auna shukarka ta nuna tsakanin Mayu da Yuli, sa'ad da kayan Arewa ya ja baya. Sai dai ka kafa wa kowane gindi sanda, don ruwan Legas ba ya barin ɗan da ya kwanta a ƙasa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne feshin da ka ce kana yi duk bayan kwana uku saboda sharon, tsutsar wani ƙaramin malam-buɗe-littafi da ke cin ganyen tumatir. Na gaji da maimaita wannan magana. Tsinko ganye ɗaya ka ɗaga shi sama wajen rana. Za ka ga farin tabo kamar leda, da 'yar tsutsa kwance a tsakanin fatar ganyen, ga baƙin kashinta a gefe. Maganin da ka watsa a bayan ganye yaya za a yi ya same ta? Ga shi ƙwaron nan da saurin sabawa da guba. Haka ya cinye gonakin Kaduna da Kano da Jigawa a 2016, manoma na ta ƙara murfi a kan murfi.

Ka fara tun daga reno, kada ka dasa irin da ya riga ya kamu. Ka rataya tarkon ƙamshin da ke janyo namijin malam-buɗe-littafin, shi zai gaya maka ranar da suka iso. Ganyen da ya kamu a tsinke a binne da zurfi. In feshi ya zama dole, da yamma ake yi, kuma a riƙa sauya sinadarin da ke cikin maganin, don sau da yawa kwalba biyu masu suna daban abu ɗaya ne a ciki. Bayan girbi ka ƙone karan, kada ka bi shi da gauta.

Mai tambaya daga Agege kan zuba wa alayyahu ɗanyen kashin kaji: a'a, zai ƙone shi, bari ya ruɓe tukuna.

Hajiya daga Ikorodu kuma, mai tambaya kan kwandon ɗaukar tumatir: kwandon roba ya fi na kaba nesa ba kusa ba. Na kaba shi ke matse tumatirin ƙasa har ruwa ya riƙa ɗiga kafin mota ta kai Ketu.