Amsa kan datar ofis da ke ƙarewa kafin wata ya raba

Malam, ka ce datar ofishinku tana ƙarewa da wuri, kana kuma zargin maƙwabta suna hawa Wi-Fi ɗinku. Zarginka yana da tushe, domin mutane da yawa ba sa canza komai bayan sun sayi rauta, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi.

Ka juya na'urar, za ka ga 'yar takarda manne a ƙasanta ɗauke da adireshin shiga, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Ka rubuta shi a burauza, ka fara da canza kalmar sirrin mai gudanarwa, wato ta shiga saitin na'urar, domin muddin tana nan a "admin", duk wanda ya samu shiga zai iya warware abin da ka gyara. Daga nan ka zaɓi tsarin tsaro na WPA2, ko WPA3 wanda ya fito a 2018 idan na'urarka tana da shi, ka guji tsohon tsarin WEP domin an daɗe da karya shi. Kalmar sirrin Wi-Fi ɗin ta kai haruffa 12 aƙalla, kuma don Allah kada ta zama lambar wayarka, wadda ke rubuce a allon ƙofar ofis.

Ka kashe WPS, wato hanyar haɗa waya da Wi-Fi ba tare da rubuta kalmar sirri ba, sannan ka buɗe wa baƙi layin Wi-Fi na daban.