Amsa ga ƙanina mai son zuwa Ingila ya zama koci

Salam ƙanina, na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce shekara 4 kenan kana horar da yaran unguwarku a Kano, har kun ci kofin unguwanni, yanzu kuma kana so ka sayar da filin da ka gada ka taho Ingila ka yi kwas ɗin koci ka samu kulob. Wallahi na ji daɗin wannan buri naka, amma dan Allah kar ka taɓa filin nan tukuna, tsaya ka ji.

Abin da zai fara tare ka tun kafin maganar kwas shi ne biza. Ta ziyara wata 6 ce kuma ba a aiki da ita ko kaɗan. Ta ɗalibi an yarda ka yi aikin awa 20 a sati lokacin karatu, amma a cikin sharuɗɗanta an rubuta ƙarara cewa ba za ka yi sana'ar wasa ba, kuma koci yana ciki, haka ma bizar da ake bayarwa bayan an gama digiri. Mutane da yawa sai sun sauka sun biya kuɗin makaranta sannan suke ganin wannan layin. Akwai biza ta 'yan wasa da kociyoyi, to ita kuma sai kulob ya ɗauki nauyinka kuma hukumar ƙwallon Ingila, wato FA, ta sa hannu cewa kai gogagge ne a babban mataki, kaga kuwa kofin unguwa ba zai kai ka nan ba. Ni kaina sai da na yi shekara 5 ina wani aikin daban na samu takardar zama ta dindindin kafin a fara biyana ko sisi a harkar ƙwallo.

Kwas ɗin kuma hawa-hawa ne, akwai na share fage sannan lasisin hukumar ƙwallon Turai, wato UEFA C, B, A har zuwa Pro. Kuɗin ɗaruruwan fam ne tun daga C, kuma kuɗi kaɗai ba ya sa a ɗauke ka a B, sai kana da ƙungiyar da kake horarwa a lokacin domin za a zo a duba ka a fili, ga masu nema sun fi guraben yawa. Kafin a bar ka ka tsaya kusa da yara ma sai an binciki tarihinka, wanda ake kira DBS, ka yi kwas ɗin kare yara da na taimakon gaggawa.

Ni a nan Birmingham 'yan ƙasa da shekara 12 na fara da su, kyauta, ranar Lahadi da sassafe ana yayyafi hannuna ya ƙandare ina jera robobin alama na atisaye, iyaye na tsaye bayan igiya da kofin shayi suna kallon duk motsina. Wata rana wani yaro ya ƙi dawowa baya sai na daka masa tsawa irin tamu ta gida, kafin yamma uwarsa ta kai ƙara, aka zaunar da ni aka yi min bayani. Abin ya yi min ciwo sosai don ni har zuciyata gyara nake nufi. Tsallen kwaɗo da zagaye fili a matsayin horo duk ka manta da su a nan. Kuma yawancin masu horar da yara ko a makarantun ƙwallo na kulob-kulob aikin 'yan awanni ne, dole sai ka haɗa da wani aikin kafin ka biya haya.

Shi ya sa nake ce maka ka fara daga gida. Akwai NIS, cibiyar koyar da wasanni ta ƙasa, a Surulere cikin Legas, akwai lasisin hukumar ƙwallon Afirka (CAF) da hukumar ƙwallon Najeriya (NFF) ke shiryawa, D, C, B zuwa A, duk da ba kullum ake buɗewa ba sai kana bibiya ta hukumar ƙwallon jiha. Manu Garba da yaran gida ya ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a 2013, shekarar da marigayi Stephen Keshi ya ci kofin Afirka. Ndubuisi Egbo, ɗan Najeriya da ya ci gasar Albaniya da kulob ɗin Tirana a 2020, ya daɗe yana buga musu ƙwallo sannan ya yi musu kocin masu tsaron gida, sun san shi ciki da bai kafin su ba shi ragama. Kai a nan ba wanda ya san ka, a Kano kuwa kana da yara kana da fili kana da mutanen da za su tsaya maka.

Ka riƙa rubuta tsarin atisayen kowace rana a littafi, ka sa wani ya riƙa ɗaukar bidiyo da waya, ka nemi kulob ko na ƙaramin rukuni ne ka yi mataimaki. Turo min bidiyo ɗaya a WhatsApp in duba yadda kake tsara su, in Allah ya yarda ranar Juma'a bayan masallaci zan kira ka. Ka gaida Hajiya da kyau.