Motar da za ta ɗauki Baba da kekensa

TAMBAYA: Salam Anti. Dan Allah shawara nake nema. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, ni ke jinyarsa, muna Rikkos nan Jos, kuma duk sati sai mun kai shi gashi asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) can Lamingo. Wallahi ɗaga shi daga keke zuwa mota har bayana ya fara ciwo, shi ma nauyi yake ji a ce 'yarsa ce ke cicciɓarsa. Na ga irin motocin nan da ake tura mutum ciki yana kan kekensa, ina ake samu, kuma ya zan yi da kuɗin? Ma'aikaciyar gwamnati ce ni, kin dai san albashi.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki.

Kafin ki kira dillali ko ɗaya, nemo tef ɗin tela. Baba yana zaune kan keken ki auna daga ƙasa zuwa tsakiyar kansa, ki auna faɗin keken daga taya zuwa taya. Da wannan awon za ki je kallon mota, don in ƙofa ta yi gajarta sai an danne masa kai duk shiga, to me aka yi kenan.

Waɗanda kike gani ɗin yawanci daga Amurka ake kawo su, Sienna ce ko Odyssey ko Grand Caravan da kamfanoni irin su BraunAbility suka yanke ƙasanta suka sauke shi inci 10 ko fiye, suka sa gadar da keke ke hawa. Suna da daɗi ba ƙarya, amma ni gaskiya ba na saurin cewa a saya, saboda cikin motar ya matso ƙasa sosai, ga titunan unguwanninmu duwatsu da ramuka, in damina ta ci hanya kuma kullum sai kin ji ƙuuu a ƙasa, sannan in gadar mai lantarki ce ta maƙale rabi a waje, bakaniken Farin Gada da ya san Sienna kamar yunwar cikinsa ba lallai ya taɓa ganin irinta ba, kayan gyaranta ma sai an yi oda. In dai ita ranki ya kwanta da ita, nemi mai gadar hannu wadda ake saukewa a naɗe. Ki sa a duba lambar shasi ko motar ambaliya ce aka yi gwanjonta, ki ga takardun kwastan da idonki. Motocin da ake kawowa daga Japan kuma akasari sitiyarinsu a dama yake, mu tun 1972 muka bar wannan tsarin, kar ki jawo wa kanki rigima da 'yan Road Safety.

Mai sauƙin ita ce Hiace mai dogon rufi, a cire kujerun baya, a sayi gadar alminiyom mai naɗewa. Sai dai tana da tudu, gadar in ba doguwa ba ce turawa zai zama aikin ƙarti. Inda ba a rowa shi ne ɗaurin keken. Birkin keke ba ya riƙe komai in direba ya taka birki da ƙarfi, ɗauri huɗu ake yi, biyu gaba biyu baya a jikin ƙasan motar, Baba na fuskantar gaba, shi ma da nasa bel daban. Ki tsaya a kan mai walda, kar ya huda inda tankin mai ko bututun birki ya bi.

Kuɗi kuma. Dokar haƙƙin masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta yi maganar gine-gine da motocin haya, ba ta ce a saya wa kowa mota ba, don haka kar ki zauna jiran gwamnati. Fara tara 'yan'uwa, Baba ba naki ba ne ke kaɗai, kowa ya faɗi abin da zai iya duk wata a rubuta, har da mai da gyara. Sai kwafaretib ɗin ofishinku, ya fi banki rangwame nesa ba kusa ba. In dole sai banki kuma kina gudun ruwa, akwai murabaha a irin su Jaiz da TAJ, su sayi motar su sayar miki da ribar da kuka yanke tun farko kina biya wata-wata. Za su nemi ki ajiye wani kaso, da inshora, kuma ki tambaya ko suna karɓar motar Beljiyam kafin ki fara cike fom.

Kafin motar ta samu, ki ce wa masu yi masa gashi su nuna miki yadda ake zame shi daga keke zuwa kujerar gaba da allon zamewa da bel ɗin ƙugu. In har yana iya dogara ƙafa ɗaya, ƙila Sienna ta yau da kullum ma ta ishe ku, a naɗe keken a sa a but.