Toka, rariya da ƙwarin damina: amsar Gwaggo

'Yata, saƙonki ya iso. Ya gida, ya maigidan naki? Kin tambaya me ya sa iyayenmu ke zuba toka a bakin ƙofa da masai, suna toshe rariya da dare in damina ta kankama, kuma ko akwai sauran amfaninsa tunda ga maganin feshi a kowane shago. Akwai ƙwarai. Ruwa ne ke cika wa ƙwari da ɓeraye ramukansu, sai su nemi busasshen wuri mai abinci, wato ɗakinki. Aikin tsofaffi duka na hana su ƙofa ne, da hana su danshi.

Fara da rariya, don ta nan maciji da ɓera da jaɓa ke shigowa. Dā da dutse ake toshe ta, amma in ruwan dare ya sauka an manta ba a buɗe ba, tsakar gida ta zama tafki, ruwa ya ci gindin katanga. Gara maigida ya kafa ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, ruwa ya wuce, dabba ta tsaya. Ki riƙa kwashe ganye da ledar da suka maƙale a jikinta bayan kowane ruwa.

Toka kuwa sai busasshiya, tankaɗaɗɗiya. Jiƙaƙƙiya ba ta korar ko kiyashi. Ki tara ta a tukunya mai murfi, ki ja layi mai faɗin yatsu uku a dokin ƙofa da gindin randa, ki sabunta in ta sha danshi. A masai, a zuba toka gwangwanin madara ɗaya safe da yamma, sannan a mayar da murfi. Tana busar da saman ramin, wari ya ragu, ƙuda ya rasa wurin ƙwai. In an bar ramin a buɗe, kyankyason da ya kwana ciki shi zai bi kwanukanki da dare.

Sauro shi ne babban abin tsoro, musamman a marka, cikin Agusta. Daga ƙwai zuwa mai cizo kwana 7 zuwa 10 ne kawai, saboda haka duk mako ki zagaya: tsohuwar taya, fasasshen tulu, kaskon shan kaji, kwatamin da indararo ya haƙa. Ki kifar, ki cike da yashi. Randa a wanke a rufe da faifai. Hayaƙin ganyen darbejiya ko ɗaɗɗoya ko ɓawon lemo da magariba yana korar su na ɗan lokaci, amma ba ya kai ki asuba, kuma mai cizon zazzaɓi cikin dare ya fi aiki. Don Allah ki kwana a gidan sauro mai magani. Sabo a shanya shi a inuwa yini da kwana kafin a ɗaura, kar a rana, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, a ɗinke ko ƙaramar ɓula. In masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina sun zo, na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, a karɓa kowane wata, a cika kwana ukun da ake shan sa.

Itacen girki a ɗora shi kan duwatsu, nesa da bango kamar taku biyu. Nan kunama da shanshani ke fakewa. Shi ya sa aka hana sa hannu cikin itace da duhu, aka ce a kakkaɓe takalmi da tabarma kafin amfani. Ba camfi ba ne.

Ki riƙa duban bango da azara. In kin ga siririyar hanyar laka tana hawa, gara ce. Ki kankare, a bi ta har gindi, a shafa baƙin mai a ƙasan katakon. Daren da shinge ya tashi bayan ruwa mai ƙarfi, kashe fitilar ɗaki, ki kunna ta waje, ki ajiye baho da ruwa a ƙarƙashinta. Da safe kya ga sun cika shi.

Waken da za ki adana ya bushe har ya yi ƙas a haƙori, sannan ki gauraya mudu ɗaya na wake da mudu ɗaya na toka, ki rufe saman da wata tokar. Ko ki cika jarka fal ki ɗaure bakinta, ƙwaron ya mutu don rashin iska. Buhu kada ya taɓa ƙasa ko bango.

Abin da nake roƙonki da babbar murya: fiya-fiya da ƙwayar hatsin nan mai fitar da iskar guba kada su shiga ɗakin kwana ko madafa. Sun hallaka mutane cikin barci. In dole sai kin yi feshi, ki sayi na sauro na gwangwani, ki rufe abinci, kowa ya fita, sannan ki buɗe tagogi iska ta ratsa sosai kafin a shigo da yara.